Yadda ƙwayar Linux ke karɓar umurni lokacin tashin na'ura

Abin da muke kira ƙwaya a wannan takarda shi ne noyau a Faransanci, wato sashen manhaja da ke fara kama ragamar na'ura mai ƙwaƙwalwa da zarar an kunna ta. Mun ɗauki Linux, wadda Linus Torvalds ya soma a Helsinki a 1991, don kowa na iya duba rubutunta.

Kafin ƙwaya ta tashi, wata ƙaramar manhaja, LILO a da, GRUB a yau, takan miƙa mata layi guda na umurni. A na'urorin x86 tsawonsa bai wuce harafi 2048 ba. Ciki ne ake faɗa mata faifan da za ta ɗauka tushe (root=), da cewa ta fara buɗe shi don karatu kawai (ro) har a bincika lafiyarsa, da abin da za ta yi in ta cije.

Wannan na ƙarshe ya fi shafar mu a Yamai, inda kuran ke yawan yankewa a watannin Afrilu da Mayu. Na'urar da ke ajiye bayanan sashe takan mutu ta sake tashi da dare, ba kowa kusa. In faifai bai shirya ba a daidai lokacin, ƙwaya ta cije, kuma bisa tsarinta na asali za ta tsaya nan har wani ya zo. Umurnin panic=30 yana sa ta sake gwadawa bayan daƙiƙa 30.

To, yaya take tantance abin da aka ba ta? Tana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. In ta san sunan amma ƙimar ba ta dace ba, misali haruffa a gurbin lamba bayan panic=, sai ta rubuta ƙorafi ta ci gaba da ƙimarta ta asali. In ba ta san sunan ba, ba ta tsayawa. Mai ɗigo a cikin sunansa ta bar shi, da zaton na wani sashe ne da za a ɗora daga baya. Sauran kuwa ta miƙa su ga init, manhajar farko da take tayarwa. Akwai hikima a nan, domin rashin tsayawar ne ke ba systemd damar karanta fsck.repair=yes da kansa daga /proc/cmdline, wanda ke ba shi izinin gyara faifai ba tare da tambaya ba. Sai dai kuskuren rubutu ma ta wannan ƙofa yake wucewa. Sai a 2021 ne ƙwaya ta fara lissafa kalmomin da ba ta gane ba cikin saƙonninta na tashi.

Kuskuren kuma yana da sauƙin aukuwa a wurinmu. Allunan rubutunmu AZERTY ne, GRUB kuwa, in ba a sauya masa ba, QWERTY yake zato. Wanda ya buga panic a allon GRUB, pqnic zai gani, in ya lura. Na'ura ta tashi lafiya lau, ba wanda zai san kariyar ba ta kama ba sai ranar buƙata.

A ganinmu mafi haɗari shi ne umurnin da siffarsa daidai take amma ma'anarsa ba haka ba. mem=512M yana taƙaita ƙwaƙwalwa ga mega 512; in aka manta da M, an ce mata okte 512 ke nan, ta karɓa, ta kasa tashi. Siffa take dubawa, ba niyya ba.

Tun 2020 akwai bootconfig, fayil da ake liƙawa a ƙarshen initrd tare da lambar tabbatarwa; in lambar ba ta yi daidai ba, ƙwaya ta yi watsi da shi ɗungum. Wannan yana kama lalacewar fayil, ba ya kama sunan da aka rubuta ba daidai ba. Don haka bayan kowane sauyi mukan karanta /proc/cmdline mu ga abin da aka miƙa, sannan /proc/sys/kernel/panic mu ga ko 30 ne a ciki ko 0.