Hutu a Kan Dutse da Sirdin Keke: Abin da Dutsin-Ma da Kurfi Suka Tanada

Wanda ya baro birnin Katsina ya yi kudu ta hanyar Kurfi, da farko shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai yi ta gani, gonakin gero da dawa da wake, nan gawo can kuka. Yana dosar Kurfi sai ƙasar ta sauya fuska. Duwatsu su fara ɓullowa daga tsakiyar gonaki, wani mulmulalle guda ɗaya tilo, wani kuma tari ne, wannan bisa wancan, har mutum ya rasa abin da ya riƙe na saman bai gangaro ba. Haka ake tafiya har Dutsin-Ma, kimanin kilomita 60 daga Katsina, inda dutsen da garin ya ci sunansa yake zaune a cikin gari, gidaje sun sa shi tsakiya. Direban haya ba ya ko ɗaga kai, ya saba. Fasinja kuwa ko yana gyangyaɗi ko yana latsa waya.

A wasu ƙasashe irin wannan wuri kuɗi ne. Ma'aikaci kan yi shekara yana tari domin ya sami mako guda ko biyu a ƙasa mai duwatsu: yau ya yi doguwar tafiya a ƙasa, gobe ya hau ƙololuwa, jibi ya bi kwalta da keke. Abin ya samo asali ne daga tsaunukan Alps na Turai. A shekarar 1786 wasu mutum biyu, likita Michel Paccard da Jacques Balmat, suka fara taka kan Mont Blanc mai tsayin kusan mita 4,800, kuma tun daga nan ƙauyen Chamonix da ke gindinsa ya koma garin baƙi, masauki da jagora da abinci duk sana'a. Tseren keke na Faransa, Tour de France, wata jarida ce ta ƙirƙiro shi a 1903 don kawai ta ƙara ciniki, ga shi yau hanyoyin tsaunukan da ake bi a tseren sun zama wuraren ziyarar masu keke daga ko'ina. Afirka ma ba a bar ta a baya ba. Tanzaniya na cin moriyar Kilimanjaro mai mita 5,895, Barkina Faso na yin tseren Tour du Faso tun 1987, kuma a 2024 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a tseren Faransa ya koma gida da kyautar koriyar riga ta tseren.

Gaskiya dai ɗaya ce, duwatsun Katsina ta tsakiya ba sa'o'in waɗancan ba ne wajen tsayi. Babu ƙanƙara, babu ƙarancin iska, ba a bukatar kwana a hanya. Amma wannan shi ne alfanunsu ga mai koyo, domin mutum mai lafiya zai iya hawa bayan asuba ya sauko kafin rana ta take, ya karya kumallo a gidansa.

Ta fuskar shekaru kuwa, su ne manya. Masana ƙasa sun ce irin waɗannan duwatsu na arewacin Nijeriya, da ake kira giranit, narkakken dutse ne da ya daskare sannu a hankali a can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ruwa da iska suka yi ta cinye ƙasa mai laushi da ta lulluɓe su, mai tauri ya rage a tsaye. Duk wanda ya tsuguna ya duba falalen dutse da kyau zai ga ba launi ɗaya ba ne: akwai ƙwayoyi farare masu kama da gilashi, akwai masu jaja-jaja, akwai ƙananan baƙaƙe masu ƙyalli. Girman ƙwayoyin shaida ne na daɗewar da dutsen ya yi kafin ya huce. Zafin rana da sanyin dare da ruwan damina kuma suna sa fatarsa ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, abin da ya sa kawunansu suka mulmule. A tsagar dutse, inda 'yar ƙasa ta taru, ana samun itatuwan da suka fi son irin wurin, kamar hano mai ƙaro da kukkuki, kuma a kwarmin da ruwa ya ƙwaƙule akan tarar da ruwan sama kwance bayan damina ta ɗauke.

Hawan dutse ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, dalilin hawan ne ya bambanta. Tarihin baka ya ce wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a dutsen Dutsin-Ma, mutane suka yi ta zuwa suna kafa gida kusa da shi saboda akwai ruwa. Kano a gindin Dala ta tashi, inda tarihi ya ambaci Barbushe. Zazzau na da Kufena da Turunku, Zamfara na da Kwatarkwashi. Kakanni sun zaɓi dutse ne domin daga samansa ana hango ƙurar mahara tun suna nesa, ga ruwa a gindi, ga maɓoya, kuma kafin Musulunci ya kafu an ɗauki duwatsu a matsayin mazaunin iskoki. A ƙarni na 19, lokacin da dakarun Maraɗi suke kai hare-hare ƙasar Katsina bayan jihadi, gari mai ganuwa ko mai dutse ya fi kwanciyar hankali. Da zamani ya lafa, aka yi titin mota da kasuwa, sai jama'a suka karkata ga fili, dutse ya zama na yara da awaki. Yau Yandakan Katsina ne hakimin Dutsin-Ma, Maraɗin Katsina kuma na Kurfi, kuma tsofaffin garuruwa irin su Ƙarofi da Birchi da Wurma suna nan da dattawan da za a zauna da su a ji labari. Abin mamaki, alhajin da ya jure ya hau Jabalun Nur a Makka don ya ga kogon Hira, sau da yawa bai taɓa taka dutsen garinsu ba.

To, yaya ake hawan? Farkon abu shi ne sallama. Dutse yana da masu shi ko da ba a kewaye shi da waya ba, don haka a fara gaida mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a roƙi yaron gari wanda ya san hanya, a kuma sallame shi da abin kirki. Sai takalmi. Silifa da takalmin fata mai santsin ƙasa su ne kan gaba wajen kayar da mutane. Kambas mai roba a ƙasa shi ne ya dace. A kan falali mai gangara, sabon shiga yakan kwanta da ƙirji yana rarumar dutse da hannu, alhali hakan ne yake rage wa ƙafa kamu. Wanda ya iya yakan miƙe, ya ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, ya yi gajeren taku, ya bi a karkace maimakon ya tunkari gangarar kai tsaye. Kafin ya taka ɓawon da ya ɗago, sai ya buga shi da dunduniya. In ya ji amo irin na abu mai rami a ciki, ya kauce masa. Ba a cusa hannu a tsagar da ido bai gani ba, saboda kunama da maciji, musamman kububuwa mai son busasshen wuri, kuma in aka ji gunjin zuma a kogo, a ja da baya ba tare da hayaniya ba.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Ƙafa ta gaji, gwiwa na rawa, zuciya ta riga ta isa gida. Akwai kuma wurin da ake hawa da sauƙi amma ba ya saukuwa, shi ya sa masu abin suke waiwayawa lokaci lokaci tun suna hawa, su riƙe alamar hanyar komawa. Duk inda sai da igiya za a hau, ba na mai koyo ba ne, komai yawan abokan da ke zuga shi su ɗauki hoto.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, wato wajen Oktoba zuwa Janairu, shi ne mafi daɗi, ko da yake ranar da hazo ya sauko ba a hango komai. Oktoba da Nuwamba sun fi, ana girbi, ƙasa ba ta gama bushewa ba, daga sama ana ganin dammunan gero jere a gonaki. A bazara, Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, dutse ya ɗauki rana har tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Da damina kuwa falali jiƙaƙƙe santsi ne da shi, kuma wanda hadari ya tarar a ƙololuwa shi ne abu mafi tsayi a wurin, tsawa ba ta da wani zaɓi. Da an ji cida a sauko. Ruwan sha kada ya gaza lita biyu ga kowane mutum, a haɗa da dabino ko ƙuli-ƙuli, a kuma dawo da leda da roba gida.

Batun keke ya ɗan fi wuya, ba don hanya ba, sai don ido. A da, kekunan Rali da Fonis kayan alfahari ne, malamin makaranta da ma'aikacin En'e da su suke taƙama, ana goge su ana yi musu ado. Da babur ya zo sai keke ya zama alamar rashi, har magidanci mai albashi yana jin kunyar a gan shi a kai. Tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023 ta fara gyara wannan tunani, amma har yanzu in aka ga babban mutum da hular kwano yana tuƙa feda a kwalta, sai a tambaya ko motarsa ce ta lalace. A ganin mai wannan rubutu, wannan kunya ta fi kowace gangara hana mutane motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, saboda rage haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya, cututtukan da yanzu kusan kowane gida ya san su. Fita biyu da keke a mako ta biya wannan. Mai ɗayan cututtukan nan, ko wanda ya manyanta, ya fara ganin likita kafin ya ɗauki doguwar hanya.

Hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta dace da keke domin ba ta da hawa mai tsanani, sai tudu da gangare a hankali. Mai tafiyar kilomita 15 zuwa 20 a awa zai gama ta cikin awa uku zuwa huɗu, ya huta a Kurfi ya sha shayi. Keken tsere mai siririyar taya ya fi gudu, amma ramuka da ƙaya ba sa raga masa. Mai giya da taya mai kauri ya fi dacewa da hanyoyinmu, kuma shi ne zai iya sauka daga kwalta ya bi burji. Kafin fita a duba birki, a sa wa kaca mai, a daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta kai ƙasa, domin gajeren sirdi shi ne yake kashe gwiwa. A ɗauki famfo da tif na canji, ko da yake kusan kowane gari a hanyar akwai mai faci a gindin bishiya. A sa riga mai haske, a bi gefen dama a jere ɗaya bayan ɗaya, a kuma guji ranar kasuwa, lokacin da motocin kaya da na shanu suke cika titi.

Ga wanda ba ya son nisa, akwai madatsar ruwa ta Zobe a kudancin Dutsin-Ma. An kammala ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan kogin Karaduwa, bangonta ya kai tsawon mita 2,750 da tsayin mita 19. Akwai masunta da masu noman rani, ga tsuntsayen ruwa, kuma tafiya a gefen ruwa da safe wani hutu ne na daban ga wanda ya saba da ƙurar gari.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da tsaro, kuma ɓoye shi cin amanar mai karatu ne. Dutsin-Ma da Kurfi suna maƙwabtaka da Safana da Batsari, bakin dajin Rugu, kuma sun sha fama da 'yan bindiga. A Satumban 2021 suna cikin ƙananan hukumomi 13 na jihar da aka katse wa layukan waya, a Oktoban 2023 kuma aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar tarayya da ke Dutsin-Ma, watan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Hali yana sauyawa daga wata zuwa wata, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Saboda haka ba a fita sai an tambayi mutanen gari da jami'an tsaro a ranar, ba a tafiya mutum ɗaya, ba a kwana a dutse, ba a shelanta hanya da lokaci a Facebook kafin a dawo, kuma in aka ce kada a je, magana ta ƙare. Dutsen da ke cikin gari da kwaltar da motoci ke bi da rana sun ishi mafari.

Waɗanda za su fara suna nan a garin. Jami'ar tarayya, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna tara dubban matasa daga sassan ƙasar nan, kuma ɗalibin nazarin ƙasa ko tarihi yana da aji a buɗe a bayan ɗakinsa. Ƙungiyar ɗalibai ɗaya mai tsari, da malami mai sa ido, da yardar hakimi, za ta iya shata hanyar hawa, ta horar da samarin unguwa su zama jagorori, ta keɓe ranar mata da ta 'yan firamare. Ƙaramar hukuma kuma tana da aikin tantance dutsen da za a bari a fasa don tsakuwa da wanda za a hana, tunda gine-gine na ƙaruwa kuma kasuwar tsakuwa ba ta san tarihi ba. Wanda ƙafarsa ta goge a nan, mataki na gaba shi ne duwatsun Shere na Jos masu mita 1,829, inda aka daɗe ana horar da matasa a cibiyar koyar da shugabanci, daga nan kuma sai Chappal Waddi a gandun Gashaka Gumti na Jihar Taraba, mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsayi a Nijeriya. Shi wannan tafiyar kwanaki ce, da jagora da masu dako da rigar sanyi.