Ɗaukar Hoto da Wankinsa

New Bell babbar unguwa ce a birnin Duwala, a ƙasar Kamaru. An kafa ta a zamanin mulkin Jamusawa, gab da yaƙin duniya na 1914. Baƙi daga wurare dabam-dabam suka zauna a cikinta, har da Hausawa ƴan kasuwa. A gidaje da yawa na unguwar akwai tsofaffin hotuna baƙi da fari: na aure, na suna, na Salla, da na alhazai. Ba da wayar hannu aka ɗauke su ba. An ɗauke su da kyamara mai fim, sannan aka wanke su a ɗaki mai duhu.

Masu ɗaukar hoto iri biyu ne. Akwai mai sana'a, wanda yake da shago, ana biyansa. Ɗaya daga cikin tsofaffin shagunan Duwala shi ne Photo George, wanda George Goethe, mutumin Saliyo, ya buɗe a 1931. Akwai kuma mai sha'awa, kamar malami ko tela ko ɗan makaranta. Shi yakan tara kuɗi ya sayi kyamara don ya ɗauki danginsa da abokansa.

Yadda kyamara take aiki

Kyamara akwati ne mai duhu. Tana da ƴar ƙofa guda mai gilashi. Idan aka danna maɓalli, ƙofar takan buɗe ta rufe kamar ƙiftawar ido. Haske ya shiga, ya kai siffar abin da ke waje bangon baya, amma a juye, kai ƙasa ƙafa sama. Wani masani Balarabe, Ibn al-Haisam, ya bayyana wannan a Masar wajen shekara 1,000 da suka wuce.

Sauran aiki shi ne a kama siffar kada ta gudu. Wani Bafaranshe mai suna Niépce ya yi nasarar haka wajen 1826, amma hoto ɗaya sai da ya ci awoyi da yawa. A 1888, George Eastman na Amurka ya fito da ƙaramar kyamara mai suna Kodak, cike da fim na hoto 100. Daga nan masu sha'awa suka yawaita.

Fim doguwar leda ce siririya, a naɗe cikin ɗan gwangwani. An shafe ta da wani sinadari na azurfa, wanda yake sakewa da zarar haske ya taɓa shi. Fim ɗin da aka fi amfani da shi faɗinsa milimita 35 ne, yana ɗaukar hoto 12 ko 24 ko 36. Saboda haka mai hoto ba ya gaggawa. Yakan duba haske, ya gyara wa mutane tsayuwa, sannan ya danna. Da dare yakan ƙara da fitila mai walƙiya. Yakan kuma kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku don kada ta motsa.

Wankin hoto

Bayan an gama ɗauka, babu abin da ido zai gani a jikin fim. Siffar tana nan a ɓoye, sai an wanke ta fito. Idan aka buɗe fim a haske kafin wanki, duk hotunan sun lalace, kuma ba su da gyara. Shi ya sa ake fitar da shi cikin duhu ƙirin, a lalube, a sa shi cikin wani kwano mai murfi wanda haske ba ya shiga.

Ana zuba ruwan magani iri uku, ɗaya bayan ɗaya. Na farko yana fito da siffar. Na biyu mai tsami ne, yana tsayar da aikin na farko. Na uku yana kwashe sauran sinadarin da haske bai taɓa ba, don hoton ya zauna. Zafin ruwan da ake so digiri 20 ne. A Duwala akwai zafi, don haka sai an sanyaya shi. Daga ƙarshe a ɗauraye fim da ruwa mai tsabta, a shanya.

Abin da ya fito shi ne nagatif. A jikinsa komai a birkice yake: farar hula ta zama baƙa, baƙin gemu ya zama fari. Sai a sa shi a na'urar ƙara girma, a haska shi a kan takarda ta musamman. Ita ma takardar a tsoma ta a ruwan magani uku. A nan ana iya kunna jar fitila, domin takardar baƙi da fari ba ta jin jan haske. Sannu a hankali fuska takan bayyana a cikin ruwa. Hoto mai launi ya fi wuyar wanki, sai an kai shi wurin masu injin.

Yaro ma yana iya wannan aiki. An haifi Samuel Fosso a Kumba, a Kamaru, a 1962. Ya buɗe shagon hoto a Bangi a 1975, yana ɗan shekara 13. Da dare yakan ɗauki kansa da ragowar fim, ya aika wa kakarsa a Najeriya. A 1994 aka nuna hotunan a Bamako, ya yi suna a duniya.

Adana hotuna

Tun daga shekarun 2000, kyamara marar fim da wayar hannu suka karɓe aikin. Masu wankin fim sun yi ƙaranci. Tsohon hoton da ya lalace yau, da wuya a sami madadinsa.

Babban abokin gaban hoto a Duwala shi ne laima. Ruwan saman da ke sauka can a shekara ya haura milimita 3,000, kuma ambaliya takan shiga gidajen New Bell. Laima tana sa hotuna su manne, su yi fumfuna. Rigakafi ya fi magani. A sa hoto da nagatif cikin ambulan, a ajiye a gwangwani mai murfi, a ɗora a sama. A riƙe nagatif ta gefe. A tambayi manya sunayen mutanen da ke ciki, a rubuta a baya da fensir. A kuma ɗauki kowane hoto da waya. Ta haka jika zai san fuskar kakan da bai taɓa gani ba.

Kalmomi

kyamara: appareil photo
fim: pellicule
ɗakin duhu: chambre noire
nagatif: négatif, cliché
laima: humidité

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin mai sana'a da mai sha'awa?
2. Me zai faru idan aka buɗe fim a haske?
3. Don me ake kunna jar fitila a ɗakin duhu?
4. Yaya ake kare hotuna daga laima?

Aiki

Ku sami gwangwani marar murfi. Ku huda gindinsa da siririyar ƙusa. Ku rufe bakinsa da farar takarda marar kauri. Ku lulluɓe kanku da zane, ku auna hudar wajen itace mai haske, ban da rana. Yaya itacen ya fito a kan takardar?