Ko Kun Sani? Kadan da Ya Koma Dutse

Ƙashi yakan koma dutse idan laka ta binne mushe da wuri, irin lakar da ke kwanciya a ƙasan tafkin Madarunfa kowace damina. Sannu a hankali ma'adanan ruwa ke cika ƙofofin ƙashin, su sandare. Haka ta faru a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, inda koguna ke malala shekaru kusan miliyan 110 da suka wuce. Can aka tono Sarcosuchus, ƙaton kada mai tsawon mita 9 ko fiye. Irinsa ya ƙare tun kafin wani dutse ya faɗo daga sama a Meziko, shekaru miliyan 66 da suka shige. Ƙurar da dutsen ya tayar ta rufe rana, tsirrai suka mutu, yunwa ta gama da manyan dabbobin dinoso.