Daga Ina Mugunyar Ke Fitowa?

Ɗan ƙurji ne a dasashin sama, ta ɓangaren kuncin dama, daidai saman turmin haƙori na farko. Yakan taso, kansa ya yi fari, ya fashe, mai shi ya ji wani ɗanɗano mai gishiri-gishiri da ɗoyi a baki, sannan ya lafa. Bayan 'yan makonni ya sake ɓullowa a wuri ɗaya. Mai ƙurjin tela ne, magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai, kuma abin da ya ɗaure masa kai shi ne wannan haƙorin an riga an yi masa aiki. Wajen shekara guda ke nan da aka cire masa jijiya, aka wanke, aka cike. Ciwon da ya hana shi barci a wancan lokaci ya tafi bai waiwayo ba. To, haƙorin da ba jijiya, ba ciwo, me ya haɗa shi da mugunya?

Kafin ya koma asibiti ya yi abin da yawancinmu kan yi. Ya je kemis an ba shi kafso da Flagyl, ya sha, ƙurjin ya ɓace, ya dawo. Ya sake sha, ya sake dawowa. Ya tauna kanumfari, ya kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ya dage da asuwaki har dasashin ya fara jini. Wani abokin sana'a ya ce tsutsa ce aka bari a ciki, wani kuma ya ce basir ne ya hau sama, da yake a wajenmu basir ba ya rasa laifi.

Likitar haƙorin da ya samu daga baya ba ta rubuta masa magani ba. Ta fara da abin da ido ya fi zargi, wato dasashin kansa. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zanen milimita, ta riƙa zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, gaba da baya, ciki da waje. A lafiyayyen dasashi ƙarfen ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. Inda ciwon dasashi ya ci ƙashi kuwa, sai ya nutse 5, 6 ko fiye, a wurare da yawa, jini na biyo shi. A bakin telan ko'ina bai wuce 3 ba.

"Malam," in ji ta, "dasashinka lafiya lau yake. Wannan abin da kake gani bakin hanya ne kawai. Kamar kwata ce a lungu: ruwan a waje ake ganinsa, amma daga cikin gida yake fitowa. Yanzu sai mu gano wane gida ne."

Maganar ba ta wasa ba ce, domin irin wannan hanya ba dole ta fashe a kan haƙorin da ya haife ta ba. Mugunya takan bi inda ƙashi ya fi rauni, ta ɓullo saman haƙorin maƙwabci. An sha sake aiki a haƙorin da bai san hawa ba bai san sauka ba saboda wannan. Ga shi kuwa haƙorin da ke gaban turmin yana da tsohon ciko babba, wanda ya isa a zarge shi. Ta fesa wa 'yar auduga wani ruwa mai tsananin sanyi, ta ɗora a kansa. Telan ya zabura, ya ce wash, sanyin ya wuce nan da nan. Jijiyarsa na da rai ke nan, kuma haƙori mai lafiyayyar jijiya ba ya tara mugunya a gindinsa.

Sai ta yi abin da, a ganina, ya fi komai ban sha'awa a duk binciken, ga shi kuma ba ya cin kuɗi. Ta ɗauko ɗan tsinken roba mai launin hoda, irin wanda ake cike hanyar jijiya da shi (asalinsa ƙaron wani itace ne da ke fitowa a yankin Maleshiya), ta zura shi a bakin ƙurjin. Ko allurar kashe zafi ba a yi ba. Tsinken ya bi hanyar da mugunya ta haƙa, ya shige har ya tsaya da kansa. A haka aka ɗauki hoton haƙorin, da yake robar tana fitowa fara a hoto. Kan tsinken ya je ya tsaya a ƙarshen saiwa ɗaya ta turmin da aka yi wa aiki, ta gaba a ɓangaren kunci. Kewaye da wurin ga wata baƙar inuwa zagayayya, alamar ƙashin da ya zaizaye.

An gano gidan. Nan kuma amsar kafso ta fito fili. Tun 1965 wasu masu bincike a Amurka, Kakehashi da abokan aikinsa, suka huda haƙoran ɓeraye kashi biyu: na yau da kullum, da waɗanda aka rena ba ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu. Na farkon jijiyarsu ta mutu, gindin haƙoran ya rure. Na biyun, duk da abinci na shiga ramin, jijiyar ta warke. Ma'ana, inda duk aka ga ruruwa a gindin haƙori, akwai ƙwayoyin cuta a wani wuri. Shi kuwa magani jini ne ke kai shi inda za shi, kuma haƙorin da aka cire wa jijiya jini ba ya shiga cikinsa. Kafso zai kai ga ƙashin da ke kewaye, ya kwantar da kumburi na ɗan lokaci, amma waɗanda suka fake a cikin saiwa ko ƙamshinsa ba za su ji ba. Wata daga cikinsu da ake yawan samu a haƙoran da aiki bai ci ba, Enterococcus faecalis, tana iya daɗewa ba abinci, ta shige cikin ƙananan kafofin haƙorin ta yi lamo. Abin da telan ya samu daga zaryar kemis shi ne asarar kuɗi, da koya wa ƙwayoyin cutar jikinsa jure magani.

Saura tambaya ɗaya: ta ina suka shiga, ko a ina suka ɓuya? An gwada jininsa ko akwai ciwon suga, don yakan jinkirta warkewa, aka ga babu. Abin da likitar ta fi tsoro shi ne tsagewar saiwa, saboda saiwar da ta tsage a tsaye ba ta ɗinkuwa. Sai dai a yanke ta, ko a cire haƙorin gaba ɗaya. Tsaga tana da alamominta: ƙarfen awo ya faɗa wani siririn rami mai zurfi a wuri ɗaya tak, ƙurjin ya fito kusa da bakin dasashi, inuwar hoto kuma ta bi gefen saiwa maimakon ta tsaya a ƙarshenta. Ta sake bi da ƙarfen, wannan karon taku-taku. Ba rami. Ta ce ba za ta rantse ba sai ta buɗe, amma hankalinta ya ɗan kwanta.

"An ce ka koma a sa maka hula a haƙorin?"

Telan ya sosa ƙeya. "An ce, Likita. To ciwon ya tafi, ga ɗinkin salla ya taso, ga kuɗin ba kaɗan ba."

Gefen cikon da ke kan haƙorin ya ɗan ɓantare, miyau na iya shiga. A 1995 wasu masu bincike, Ray da Trope, sun duba hotunan haƙora sama da dubu da aka yi wa irin wannan aiki, suka nuna cewa kyawun murfin da ke sama yana da tasiri ƙwarai a kan lafiyar gindin haƙori, ba cikon saiwa kaɗai ba. Da wani ne da a nan zai tsaya, ya ɗora wa telan laifi, a tashi. Ita dai ba ta gamsu ba. Turmin sama na farko saiwa uku gare shi, biyu ta kunci, ɗaya ta ganda. In yoyo daga sama ne kaɗai matsalar, me ya sa biyu suke tas, ɗaya ce kawai ta rure?

Ta sake ɗaukar hoto, amma ta karkata na'urar zuwa gefe. A sabon hoton farin layin ciko na wannan saiwar bai bi tsakiyarta ba, ya raɓe gefe guda. Saiwa mai hanya ɗaya, hanyar a tsakiya take. In ta raɓe, to akwai wata a ɗaya gefen da ba a taɓa ba. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne ga masu sana'ar. Wani likita a Amurka, John Stropko, ya ba da rahoto a 1999 cewa ya samu hanya ta huɗu a sama da kashi 70 cikin 100 na irin wannan turmi, da ya ƙware da madubin ƙara girma kuwa adadin ya haura kashi 90. Wato hanya huɗu ita ce aka fi samu, uku ce baƙuwa.

Ranar aiki ta rufe bakin da shimfiɗar roba, haƙorin kaɗai a waje don kada miyau ya shiga. Ta cire tsohon cikon, ta sa tabarau mai ƙara girma, ta duba ƙasan ramin. Ba tsaga. Tsakanin bakin hanyar gaba da ta ganda akwai wani ɗan tudu. Ta kankare shi a hankali, sai ga ɗigon baƙi wanda ido zalla zai wuce bai gani ba. Ta sa siririyar allurar wanki, ta shige. Ɗoyin da ya taso, telan da kansa ya ji shi. Ta kwashe tsohuwar robar sauran hanyoyin ukun ma, tun da miyau ya taɓa su, ta wanke duka huɗun da tsarmammen sinadarin da ke cikin bilic, ta zuba farin magani mai kashe ƙwayoyin cuta, ta rufe. Da ya dawo bayan mako biyu, ƙurjin ya shafe, bai sha kafso ko ɗaya ba. Aka cike hanyoyin, aka sa hula.

Ban ga dalilin tsine wa wanda ya yi aikin farko ba. Hanyar nan takan ɓuya har ga ƙwararru, balle inda ba madubi, ba isasshen haske, ga layi a waje. Mafi yawan haƙoran da aka cire wa jijiya suna zama lafiya shekara da shekaru, kuma haƙorinka na asali ya fi na sawa. Amma mara lafiya na da ikon ya tambaya hanya nawa aka samu, ya kuma nemi a nuna masa hoton bayan aiki. Ƙashi ba ya gaggawa: akan sake hoto bayan wata shida zuwa shekara, wani ramin ma sai an bi shi har shekara huɗu. In inuwar ta ƙi raguwa, akwai ƙaramar tiyata da ake ɗaga dasashi a yanke kan saiwar, in hakan ma bai yiwu ba a cire haƙorin. A hoton telan na wata shida, inuwar ta ragu sosai, sabon ƙashi na cike wurin.

Mai karatu, in kana da irin wannan ƙurji mai zuwa da komawa, rashin ciwo ba lafiya ba ne. Mugunyar ce ta samu mafita, ƙashin kuwa yana ci gaba da zaizayewa. Ka je wurin likitan haƙori ka nemi a bi hanyar a ɗauki hoto. In kuwa kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ko zazzaɓi ya shigo, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti a daren.