Riɗi: Tun daga gona ake zaɓen iri

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa. Wanda 'yar gonar bakin gari kaɗai ta rage masa, dole ya san yadda za ta ciyar da gida. Ga mai noman riɗi, daga iri ake farawa.

Mu da muka tashi da cin kantu ba mu cika sanin darajar riɗi ba. Kusan rabin nauyin ƙwayarsa mai ne. Daga kasuwar Dawanau ta Kano ana kai shi har Jafan da Sin da Turkiyya, kuma masu saye sun fi son fari tas, marar tsakuwa.

Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ce ke da alhakin inganta shi, ta kuma fitar da ire-ire kamar NCRIBEN 01M.

Mu ma da namu aikin. Furen riɗi yawanci kansa yake yi wa barbara, shi ya sa ɗa kan gaji uwa. Kafin girbi, mu zaga gona mu ɗaura ƙyalle a jikin lafiyayyun tsirrai masu kwanso da yawa. Mu yanke su daban tun kwanson bai tsage ba, mu shanya, mu kakkaɓe a kan tabarma, mu adana inda babu danshi. Baɗi mu shuka a kunyoyi daban, mu auna abin da kowanne ya ba mu. Gonar makarantarku ma ta isa wannan gwaji.