Me Ke Ƙona Shukar Goggo?

A wani gida a Suleja akwai shukar fan, dangin agugun da ake maganin tsila da saiwarsa. Duk damina kore shar take. Disamba na kamawa, bakin ganyenta ya fara ƙonewa. Goggo ta juya ganyen, ta ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a bayansa. Ta ce ƙwari ne, ta sa aka yi feshi. Ƙuna ba ta tsaya ba.

Ɗan wanta, mai aiki a gandun furanni, ya zo dubawa.

"Goggo, ƙwaro ba ya bin sahu. Dubi yadda suka jeru a gefen kowane ganye."

Fan ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Ɗigon nan 'yan jakunkuna ne na ƙurar da take yaɗuwa da ita, hanyar haihuwar da Bajamushe Wilhelm Hofmeister ya warware a 1851. Bayyanarsu alama ce ta shuka ta girma. Ƙwari sun kuɓuta daga zargi.

Sai batun ruwa. Goggo ta ce ba safiyar da ba ta zubawa. Da azahar ya cusa yatsa cikin ƙasar, ya ji ta ƙeƙashe. To, ina ruwan ya bi? Ya dafa tukunyar, ya ji sanyi. Ginin Gwari ce, irin sana'ar da Ladi Kwali ta iya tun kafin ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a garin nan a 1954. Yumɓun da ba a rufe da ƙyalli ba yana tsatso ruwa, shi ya sa randa ke sanyaya shi.

"Amma ɗana, a tukunyar nan ta yi damina lafiya lau."

Nan zaren ya warware. Abin da ya canja shi ne iska. A kurmin Kudu irin wannan shuka kan maƙale a jikin kwakwar manja, cikin inuwa da laima. Hunturu kuwa busasshe ne, yana zuƙe ruwa ta ganye da ta jikin tukunya lokaci guda, ga ranar yamma tana dukan barandar.

Aka mayar da ita inuwa inda iska ba ta kaɗawa, aka zura tukunyar cikin wata babba, aka cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, aka datse ƙonannun ganye. Kafin zafin Maris sababbin tofo sun fito a nannaɗe.

Mai son fan a Suleja ya yi mata tanadin laima tun Nuwamba, ya kuma bar kwalbar feshi a ajiye.