Daga Azuba zuwa Prinsipe: Shirin da ya kamaci mai son nutso a tekun Gini

Garin Azuba, wanda ke bakin hanyar Lafiya zuwa Akwanga a Jihar Nasarawa, ƙasar doya ce da riɗi da rogo. Ruwan da mutanen yankin suka saba da shi bai wuce rafukan damina, da madatsar ruwa ta Doma, da Kogin Binuwai da ya yi wa jihar iyaka ta kudu ba. Wanda ya nemi abin kallo kuma sai ya nufi Farin Ruwa da ke Wamba. Amma a yau hotunan ƙarƙashin teku suna shigowa kowace waya, kuma a cikin ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya ba a rasa mai tambayar inda ake zuwa a ga irin wannan da ido.

Wurin ya fi kusa fiye da yadda mutane da yawa ke zato. A mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, akwai ƙasar Sao Tome da Prinsipe, wadda ita ce ta biyu wajen ƙanƙanta a Afirka, bayan Seychelles. Tsibirai ne da aman wutar duwatsu ya samar, kuma layin da ya raba duniya gida biyu ya ratsa ta kan ɗan tsibirinta na Rolas.

Maƙwabciyar da ba a cika ambato ba

Ƙasar ta sami 'yancin kai daga Fotugal ranar 12 ga Yuli, 1975, kuma harshen Fotugal ne harshen hukuma har yau. A farkon ƙarni na 20 babu ƙasar da ta kai ta fitar da koko a duniya. Tarihinta ya haɗu da na Najeriya a wurare biyu. A lokacin yaƙin basasa, daga 1968 zuwa farkon 1970, daga filin jirgin Sao Tome ne jiragen agaji na ƙungiyoyin coci ke tashi da dare zuwa Uli. A 2001 kuma ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar haƙar mai a yankin ruwan da suke tarayya a kansa, inda Najeriya ke da kashi 60, Sao Tome da Prinsipe ke da kashi 40. Hedikwatar hukumar da ke kula da wannan yanki tana Abuja.

Prinsipe, ƙaramin tsibirin, shi ne ya fi jan masu nutso da masu neman keɓewa. Mutanensa 'yan dubbai ne kawai, babban garinsa Santo Antonio, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren da ake kare halittunsu. A wata gonar koko ta tsibirin mai suna Sundy ne masanin taurari ɗan Ingila, Arthur Eddington, ya ɗauki hotunan husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, waɗanda suka gaskata nazarin Albert Einstein cewa haske na karkata idan ya wuce kusa da rana.

Ƙarƙashin ruwan kuwa duwatsu ne da koguna da ramuka, cike da kifaye iri-iri. Kunkurun teku na hawowa gaɓa su yi ƙwai daga ƙarshen shekara zuwa wajen Maris, manyan kifayen wel kuma suna ratsawa tsakanin Yuli da Oktoba. Ruwan yana da ɗumi duk shekara. Rani babba, wanda suke kira gravana, yana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, sannan akwai ɗan sassaucin ruwan sama a wajen Disamba zuwa Fabrairu.

Iya ruwan kogi ba shi ne iya nutso ba

Nutso ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ana yin wasannin kabanci, inda masunta ke gasar daɗewa a cikin ruwa da kamun kifi da hannu. UNESCO ta amince da bikin a matsayin gadon al'adun duniya a 2016. Sai dai gwanintar masunci ta dogara ne ga riƙe numfashi, wannan ɗabi'a kuwa ita ce mafi haɗari ga wanda ya goya tukunyar iska a bayansa.

Ga dalili. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kansa a doron ƙasa. A zurfin mita 10 ke nan matsin ya ninka. Idan ya cika huhunsa daga tukunya a wannan zurfi, sannan ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura har ta ninka girmanta, tana iya fasa huhu. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa ɗalibi ita ce kada ya taɓa daina numfashi.

Haɗari na biyu shi ne iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini a ƙarƙashin matsi. Wanda ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jijiyoyi da gaɓoɓi kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Abin na iya tsayawa a ciwon gaɓoɓi, yana kuma iya kaiwa ga shanyewar jiki ko mutuwa. Saboda haka ake tasowa a hankali, a dakata minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

Takardar shaidar farko ta ƙungiyar PADI, wadda cibiyoyin nutso a faɗin duniya ke karɓa, tana ba mutum damar kaiwa mita 18 ne kacal. Kafin a ba da ita sai ɗalibi ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10, sannan ya yi nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa tare da malami. Horon kan ɗauki kwana 3 zuwa 4, ana kuma iya yin karatun ta intanet tun daga gida. Wanda bai iya iyo ba, tafiyarsa ta fara ne daga wurin koyon iyo, watanni kafin ya sayi tikiti.

Likita kafin tikiti

Ga ɗan Najeriya akwai gwajin da ba a tsallakewa, wato na rukunin jini. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ciwon sikila, kuma likitoci sun hana mai wannan ciwo nutso da tukunyar iska, domin sanyi da gajiya da ƙarancin iska na iya tayar masa da ciwon a inda ba mai iya taimakonsa. Mai rukunin AS ya kamata ya nemi shawarar likita. Haka nan mai farfaɗiya, da mai asma, da mai ciwon zuciya, sai da izinin likita. Mace mai juna biyu ba ta nutso. Ko mura ce ta toshe hanci, a ɗage sai an warke, saboda kunne ba zai iya daidaita matsin ba.

Asibitocin tsibiran ƙanana ne. Kafin a biya kuɗi, a tambayi cibiyar nutson a rubuce ko tana ɗauke da iskar oksijin a kwale-kwalenta, da kuma inda take kai wanda ya sami matsala. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta haɗa da nutso, don haka a nemi wadda ta ambace shi ƙarara, har da kuɗin ɗaukar majiyyaci a jirgi.

Hanya, takardu da guzuri

Daga Azuba tafiyar mota ce ta Akwanga da Keffi zuwa Abuja. Daga can matafiya kan yi zango a wani birnin, kamar Akra ko Lome ko Libreville, kafin su sauka Sao Tome, kuma jiragen ba kullum suke tashi ba. Daga Sao Tome zuwa Prinsipe ƙaramin jirgi ne, tafiyar ƙasa da sa'a guda, kujeru kaɗan, kaya ma a ƙayyade. Akwai hanyar ruwa, amma a Afrilun 2019 jirgin Amfitriti ya kife kusa da Prinsipe, aka yi asarar rayuka. Mutanen bakin Binuwai sun san irin wannan makoki, sun kuma san amfanin rigar kariya.

Ƙaramin jirgin nan ya shafi tsarin nutson kansa. Ƙa'ida ita ce kada a hau jirgin sama sai an yi aƙalla sa'a 12 bayan nutso ɗaya, ko sa'a 18 bayan nutso da yawa, domin raguwar matsi a sama na tayar da kumfar naitirojin. Masu hankali kan bar yini guda cur. Ranar ƙarshe a tsibiri ta ziyarar gonakin koko ce, ba ta shiga ruwa ba.

Sao Tome da Prinsipe ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka 'yancin zirga-zirgar da ɗan Najeriya ke da shi a Gana bai kai can ba. A kammala maganar izinin shiga tun kafin a bar Abuja, a kuma riƙe katin allurar rigakafin shawara. Akwai zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro da magani ba za su zama kaya ba. Kuɗin ƙasar dobra ne, an ɗaure shi da yuro a kan 24.5, kuma katin banki ba ya aiki a ko'ina, musamman a Prinsipe. Gara a riƙe yuro a hannu.

Mafi yawan mutanen ƙasar Kiristoci ne mabiya Katolika. Kifi da ayaba ne cimarsu, abin da ke sauƙaƙa wa Musulmi, sai dai a riƙa tambaya ko an sa naman alade, wanda suke kira porco. Agogonsu yana bayan na Najeriya da sa'a ɗaya, alƙibla kuma tana arewa maso gabas. Ya fi kyau a kauce wa watan azumi, domin ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin nutso.

Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wanda ya fara da gwajin jini, ya bi da koyon iyo, sannan takardu, sannan tikiti, shi ne zai ga abin da ke ƙarƙashin tekun Gini ya kuma dawo gida ya ba da labari. Wanda ya juya wannan tsari ya fara da tikiti, ya sa kuɗinsa da ransa a caca.